Ranar da Matar Yayana Ta Kore Mu Daga Ɗakin Asibiti

Shekarun baya, yayana mai fataucin shanu tsakanin Bawku da Salaga ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa yana fizge-fizge. Da ya farfaɗo, hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa. Shi kuwa ya ce ba zai ci tuwo da hagu ba, sai matarsa ke ba shi a baki.

Kawunmu na Yendi ya zo da rubutu, aka sha, shiru. Daga ƙarshe muka kai shi babban asibiti, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likita ta nuna mana wasu tabo kamar zobba. Ta ce ko dai ciwon daji ne, wanda sai an huda kai an ɗebo an gwada, ko kuma wata ƙwayar cuta ce da ke kama mai raunin garkuwar jiki, ita kuwa magani na maganinta.

To mu a gidanmu mara lafiya ba ya magana, dangi ke amsa masa, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Duk tambayar da likita ta yi masa mu ke cafewa. Ni da sai sallah-sallah nake ganinsa, na fi kowa sanin lafiyarsa. Shi dai ya ƙura wa bango ido.

Matarsa, wadda ba ta cika magana ba, ta durƙusa gaban kawu ta ce, "Baba, ku yi haƙuri ku fita duka. Ku bar shi da dokta."

Kawu ya fita yana huci, muka bi shi muna gunaguni.

Abin da aka faɗa a ɗakin, daga baya ya gaya mini da bakinsa, kuma da yardarsa nake rubutawa. Ashe yana ɗauke da ƙanjamau, ya kuma daina karɓar magani don kada wani ɗan unguwarmu ta zango ya gan shi a layin karɓa. Jin haka likita ta jingine maganar huda kai, ta fara da maganin ƙwayar cutar, ta ce a jira a sake hoto. Na ji tsoro ƙwarai a makonnin nan.

Hoto na biyu ya nuna zobban sun motse. Rannan matarsa ta gutsuro loma za ta kai masa baki, ya ture hannunta da damansa.

"Matsa, na gaji da ƙananan lomominki."

Muka yi ta dariya, ni har da hawaye. Yana nan yana fatauci, yana shan maganinsa. Har yau in na je dubiya likita ya shigo, ni ke fara tashi, in kuma ja hannun kawu mu fita tare.