Bebaye Biyu a Jeren Amarya

A kasuwar Dungas, bayan masu sayar da igiya, akwai wata rumfa da ake kai abu don a ji shi. Ba a cewa a duba, ba a cewa a gwada. Cewa ake yi, "A kai wa Ɗan Azumi ya ji."

Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran rediyo a wurin. Ya fara tun zamanin da rediyo ke cin pil, wato ƙananan batura, har shida, ana ɗinka masa riga kamar jariri. Kaset ya zo ya koye shi, kaset ya tafi ya raka shi, ya dawo kan salula da ƴan akwatunan kiɗa. Amma ba hannunsa ne ya yi masa suna ba, kunnensa ne. Ɗan kabu-kabu zai tsaya a bakin rumfar da babur ɗin da ake son sayar masa, ya tayar. Ɗan Azumi bai san kan babur ba, ko hawa ba ya so, amma zai karkata kai, ya lumshe ido, ya ce, "Akwai abin da ke lilo a ciki." A kai wa makaniki a buɗe, a same shi. An yi ranar da ya ajiye shayinsa ya taka har injin niƙan unguwa, ya ce wa mai injin ya kashe, bel ɗinsa zai tsinke. Mai injin ya ce bari ya ƙarasa kwanon da ke ciki. Bai ƙarasa ba.

Magana kuwa ba ta cikin kayan aikinsa. A gida ma haka yake, musamman da Zahara'u, ƴarsa ta fari, wadda kunya ba ta taɓa barinsa ya kira sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa. Tana ƙarama, in an tashi daga lakol, makarantar boko, a ƙarƙashin teburinsa take zama har la'asar, shi yana saurare ita tana kallonsa, ba mai cewa uffan. Ta girma ta zama metires, malamar makaranta, a Kwaya. Can ta haɗu da wani malami, Mushe Bashiru, suka daidaita kansu, manya suka shiga, aka sa rana ƙarshen bazara.

Uwa da gwaggonni suka shiga hidimar gado da kwanuka. Wata safiya Ɗan Azumi ya rufe rumfa ya hau mota zuwa Magarya.

Hom-tiyata yake nema, irin wadda komai nata ke zuwa a kwali ɗaya: akwatin faifai, babbar lasifikar ƙasa da shi yake kira uwa, da ƙanana biyar. Huɗu ya saurara a shago ɗaya. Kowacce aka kunna, mai shago sai ya murɗa ta har ƙarshe don ya burge baƙo.

"Rage," in ji Ɗan Azumi. "Ƙara ragewa. Ihu kowacce ta iya. Wadda ta iya raɗa nake nema."

Ta farko uwarta ta danne komai, kamar ana daka a maƙwabta. Ta biyu mai magana a cikinta kamar ya toshe hanci. Ta uku bai bari ma an gama kunna ta ba. A ta huɗu ya daɗe. Muryar mutum tana fitowa tas daga ƙaramar tsakiya, har ana jin inda mai magana ya tsaya ya ja numfashi. Uwar ba ta shiga maganar da ba tata ba. Ba ta cin kuran, wato lantarki, da yawa, panno mai kama hasken rana da batir za su ɗauke ta. Bai ɓoye laifinta ba, a gaban mai shago ya faɗa: wayoyin na baya gajeru ne, rediyonta ba ya kamawa sai an ɗaura masa waya, rubutun telekomand, abin latsa ta daga nesa, kuma sai mai ƙuruciyar ido. Mai shago ya zaunar da shi a tsakiya, uku a gabansa, biyu a bayansa, ya saka faifan gwaji. Abin da Ɗan Azumi ya ji a bayan wuyansa ya sa ya ce a ɗaure kwalin, a sa masa faifan a ciki, da ƙarin waya doguwa.

Da ya dawo ya miƙa wa yayarsa Tani, wadda ita ce uwar jere a danginsu. Ɗakin amarya ba ya cika sai ta sa hannu.

"A sa wa yarinyar nan," ya ce. "Amma ƙananan nan, biyu daga ciki..."

"Ɗan Azumi, na taɓa zuwa rumfarka na ce ga yadda za ka riƙe sukurdireba?"

Ta sa aka ɗauki kwalin.

An kai amarya ranar Lahadi, gidan ango a nan cikin Dungas. Ranar Laraba da hantsi sai ga Tani a bakin rumfa, ta ja benci ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"An cuce ka," ta ce.

Ya ɗago kai daga rediyon da yake hannunsa.

"Kayanka na Magarya. Babbar in an kunna ta sai karkarwa, ɗakin duk ya ɗauki ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ƙananan kuwa, uku ne ke magana. Biyu bebaye ne. Na kara kunnena, ko tari ba sa yi."

"Ina kuka ajiye su?"

"A inda ake ajiye kaya. Ka ji ni, ranar Juma'a dangin ango za su zo ganin ɗaki. Ba zan bari a kunna abu ya kunyata mu ba. Gobe zan sa a fitar da shi, a cike wurin da kuloli. Mata har sun fara cewa kunnen ya tsufa. Ni ban ce ba, amma ban hana su ba."

Maganar tsufan kunne ba ta yi masa daɗi ba, amma ba ita ta tsaya masa ba. A duk ɗakin nan, daga gado har tsintsiya, abu ɗaya ne ya fito daga hannunsa. In aka fitar da shi, yarinyar nan za ta zauna a gidan miji ba tare da komai na ubanta ba.

Matsalar ita ce uba ba ya taka gidan ƴarsa kwana uku da kai ta, balle ɗakinta, balle ƴar fari. Ya gama juya wannan a ransa har azahar. Bayan salla ya ɗauki sandarsa ya ce wa maƙwabcin rumfarsa zai je ya duba gona. Maƙwabcin ya kalli sama, ba ko ɗigon gajimare, ya kalli Ɗan Azumi da ya nufi yamma alhali gonarsa tana gabas, ya ce, "A dawo lafiya."

Ɗakin amarya yana da taga da ke kallon lungu. Nan ya tsaya, a ɗan inuwar katanga, ya ba tagar baya. Mushe Bashiru ne ya fara ganinsa. Ya tuɓe takalma a kan yashi mai zafi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa da ƙasa.

"Wucewa nake yi," in ji Ɗan Azumi. "In Yaya Tani na ciki, a ce ta kunna abin nan."

Ba a jima ba muryar Tani ta fito ta taga. "Wai gona ka ƙaura da ita lungun nan?"

"Kunna dai."

Aka kunna kiɗa. Ya karkata kai, ya lumshe ido. Bai kai minti ɗaya ba ya ɗaga hannu, ko da yake ba mai ganinsa sai surukinsa.

"Uwar tana cikin kabet, tare da kwanuka."

Ya ƙara karkata kai.

"Ƙananan kuma duk biyar a layi ɗaya suke a sama, kafaɗa da kafaɗa."

"Wa ya gaya maka? Bashiru, kai ne?"

"Wallahi Gwaggo ban ce komai ba," in ji Bashiru, har yanzu a durƙushe.

"To ina za a sa su in ba a layi ba? Jere ne fa. Manyan kwanuka a ƙasa, ƙanana a sama, kowa ya shigo idonsa ya sauka a kai. Haka na yi wa ƴaƴana, haka aka yi mini."

"Ba ita ke karkarwa ba, kwanukanki ne. A fito da ita a ajiye a ƙasa, a kusurwa. Ƙaramar nan mai faɗi ta zauna a tsakiya, biyu a gefe da gefe. Bebayen naki kuma a kai su bayan kujera, ɗaya dama ɗaya hagu. Akwai waya doguwa a kwalin."

"Bayan kujera?" Muryar Tani ta matso tagar sosai. "Wa ka taɓa gani ya ɓoye kayan ɗaki a bayan kujera? Dangin ango su shigo su ƙirga uku, su ce biyun mun bar wa kanmu?"

"Ba na gani ba ne, Yaya. Na ji ne. Aikinsu ke nan, su zauna a baya su yi shiru sai an zo wurinsu."

"Kamar mai sayensu."

Wata ƴar dariya ta kuɓuce daga can cikin ɗakin, aka yi saurin danne ta da mayafi. Ɗan Azumi ya san dariyar. Ya gyara tsayuwa ya kalli katangar maƙwabta.

"Sau ɗaya," ya ce. "In ba su yi magana ba, ki fitar da su, ki sa kulolinki."

Tani ta yi tsaki, ta ce Bashiru ya shigo ya yi abin da surukinsa ya ce, amma in ya fasa mata faranti ɗaya sai ya auri kabet ɗin. Daga lungu Ɗan Azumi yana bin aikin da kunne. Ya ji an ja kujera, ya ji an buga ƙusa biyu a bango, ya ji Tani tana cewa a karkace take, Bashiru yana cewa to Gwaggo. Da aka gama ya ce a nemo faifan da ke ƙasan kwalin, Tani ta zauna a tsakiyar kujera, a rage murya.

"Na zauna. Sai me?"

Da farko ba komai. Can sai wata iska ta taso daga bayan kujera, siririya, irin wadda ke kaɗa ganyen bedi kafin hadari. Aka yi rugugi daga nesa, uwar ta ɗauke shi a ƙasa ba tare da ko cokali ya motsa ba. Sai ɗigo ɗaya a kan kwano, ta bayan kafaɗar dama. Sai na biyu ta hagu. Sai ruwa ya sauko gaba ɗaya, ya bi ta kan mutum ya wuce gaba.

Wata bakwai ke nan rabon Dungas da wannan ƙara, kowa irinsa na ɗaure yana jira. Tani kuwa tun safe ta murza taliyar baƙin Juma'a, ta shanya igiya uku a tsakar gida.

"Taliyata!"

Ɗan Azumi ya ji kujera ta koma baya, ya ji takalmi ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, ɗayan ya tafi. Tani na tsaye a tsakar gida da taliya a rungume, rana na dukan ta tsakar ka, ruwa kuma na ta zuba a cikin ɗaki.

Ta daɗe kafin ta dawo tagar.

"Ɗan Azumi."

"Na'am, Yaya."

"In ka faɗa wa wani, ba ni ba kai."

"Bebayen sun yi magana?"

"Sun yi. Amma zan ɗinka musu ƴan riguna masu kyalli, kowa ya shigo ya san akwai abu a wurin. Kuma ranar Juma'a uwar ango zan zaunar a kujerar nan. Ita ma tana da shanya a gida."

Ya ɗauki sandarsa zai tafi, sai ya ji wata murya ƙasa-ƙasa, daga inda amarya ke zaune cikin lulluɓi.

"Gwaggo, ki ce wa Baba ta bayan nan ta hagu tana ɗan shaƙewa in ruwan ya yi ƙarfi."

"Yana jin ki ai. Kunnensa har Magarya yake kaiwa."

Ɗan Azumi ya tsaya. Shi bai ji wata shaƙewa ba. Ya ce a mayar da faifan baya. Iska ta sake tasowa, ɗigo ya sake sauka, ya matsa har kafaɗarsa ta taɓa bango, ya riƙe numfashi. Da ruwan ya kai ƙarfinsa sai ga ta, ƴar shaƙewa ƙarama kamar an taka busasshen ganye, ta hagu, a baya. Tana nan tun farko.

Tani ta leƙo ta ga ko ya tafi.

"Ki ce mata gaskiyarta ne," ya ce. "Waya ce ba ta zauna ba. A zare ta, a murɗe bakin, a mayar."

"Gwaggo, ki ce masa na riga na zare."

Tani ta kalli ciki, ta kalli waje. "Ni kun mayar da ni tasha. Shekara ashirin da biyar kuna gida ɗaya, sai yau kuka sami abin faɗa wa juna, shi ma ta bakina."

Aka sake kunnawa. Wannan karon ruwan ya zo ya wuce tas. Ɗan Azumi ya saurara har ɗigon ƙarshe, sannan ya gyaɗa kai ga katangar maƙwabta.

Bashiru ya fito zai raka shi, Ɗan Azumi ya ce ya koma, ƙafarsa ta sha yashi ya isa. Ya kai bakin lungun ya juyo.

"A ce wa yarinyar nan rediyon sai an ɗaura masa waya a taga. In ba a samu mai kyau ba, akwai a rumfa. Ta san gwangwanin da take ciki."

Da ya koma kasuwa maƙwabcinsa ya tambaye shi ya gona. Ya ce an yi ruwa. Ya jawo rediyon da ya bari a buɗe tun hantsi, ya kara kunnensa na dama, ya ɗan yi jim, sannan ya juyo da na hagu ya sake saurara.