Maɗaurin da Ba Ya Tsoron Ruwa

Agogon Baba ya girme ni. Na farin ƙarfe ne mai kauri, fuskarsa baƙa, lambobinsa manya yadda direba zai karanta da wutsiyar ido bai ɗauke kai daga hanya ba. Ya saye shi tun yana jan motar haya daga tashar Kawo zuwa Zariya, kuma in ban da lokacin alwala, ban taɓa ganin hannunsa babu shi ba sai a gadon asibiti, shekarar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Ya samu sauƙi daidai gwargwado. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun ma yana ɗaguwa har ya riƙe buta. Yatsun ne suka ƙi. Ba sa iya ɓalla maɓalli, ba sa iya ɗaukar allura. Wuyan hannun kuma yakan kumbura, likita ya ce kada a ɗaura masa komai, shi ya sa agogon ya koma hannun dama. Tuƙi ya ƙare. Baba ya zama mutumin gida, yana zaune a kan tabarma a inuwar katanga da rediyonsa.

Maɗaurin agogon na fata ne, fata kuwa ba ta shiri da ruwa. Dole a cire shi kafin alwala, a mayar bayan an gama. Da yatsun hagu ake kwance abin da ke hannun dama, su kuma sun daina aiki, sai aikin ya faɗa wa Inna. Da an kira salla Baba zai gyara murya.

“Ina mutanen Zazzau? An kira fa.”

“Ana zuwa, Malam. Ku Kanawa ko salla sai kun yi mata gaggawar kasuwa.”

Za ta goge hannu a zane, ta zo ta durƙusa gefensa, ta kwance agogon, ta riƙe shi a tafinta har ya idar da alwala. Sai ta share masa wuyan hannu da gefen mayafinta ta mayar.

“Kin matse ni.”

“Hannun ne ya yi ƙiba. Tuwon wa kake ci?”

“Tuwon da babu gishiri.”

“Likitanka za ka kai wa ƙara.”

Daga nan ya ɗauki sanda ya nufi masallacin bakin layi, in an idar ya dawo gida, domin alwala ta gaba ma a gida za a yi ta.

Ni a lokacin ina shekarar farko a makarantar gaba da sakandare. Ba ni da yawan magana, kuma ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Littattafaina a jere suke bisa tsawo. Daga tagar ɗakinmu inda nake karatu ina ganin tsakar gida duka, abin da idona ya nuna mini kuwa wahala ce guda biyu. Na ga mace tana barin tukunya a wuta, hannunta duk ƙullu, tana sauri saboda ɗan guntun fata. Na ga kuma namijin da ya yi shekaru yana juya sitiyari da hannu ɗaya, yanzu yana miƙa hannu a ɗaura masa agogo. Wata rana na ji shi yana gunaguni shi kaɗai, “Sai ka ce yaron goye.” Fatar kanta ta tsattsage, hudar da ake amfani da ita ta yage har ta kusa haɗewa da ta kusa da ita.

Na shiga bincike a waya kamar mai shirin jarrabawa. A nan na gano akwai maɗauri na saƙaƙƙen zaren nailan, wanda ruwa ba ya yi masa komai. Ba gida biyu yake ba kamar na fata. Doguwar igiya ce guda mai faɗi, ana zura ta a bayan agogo ta ƙarƙashin ’yan sandunan ƙarfe biyun nan da ke sama da ƙasa, ta yadda ko ɗaya ta karye agogon ba zai faɗi ba. Na karanta cewa ƙarfen ɗaurin a gefen lamba sha biyu ta agogon yake zama, jelar ta fito ta gefen shida. Na kuma karanta cewa ba kowane agogo yake karɓa ba. Sirara masu ruwan zinare fata ce ta dace da su. Nailan na agogon aiki ne, mai kauri, mai fuska ba ado. Kamar an kwatanta na Baba. Na ɗauko rula daga akwatin lissafina na auna faɗin wurin yana barcin rana, na sake aunawa don kada in yi kuskure.

Ban gaya wa kowa ba. Da batirin agogon ya mutu Baba ya ba ni in kai a canza a hanyata ta makaranta, sai na ga dama ta samu.

Mai gyaran agogo yana bakin tasha, da teburinsa mai akwatin gilashi a ƙarƙashin lema, hayaƙin motoci da ihun ’yan kamasho sun kewaye shi. Na yi ta tsayuwa kafin in iya buɗe baki. Da na faɗi abin da nake so har da faɗinsa, sai ya ɗago ya dube ni.

“Malama, ke ma gyaran agogo kike yi? In tashi ki zauna?”

Na sunkuyar da kai.

“Na saurayi ne?”

“Na Babana ne.”

“Haka duk kuke cewa.” Ya juya agogon ya ga karce-karcen bayansa ya yi dariya. “A’a, wannan kam na Baba ne. Saurayin da zai sa wannan ya kai wa jikoki gaisuwa.”

Ya zaro damin maɗaurai kala-kala, masu ratsin ja, da kore, da ruwan ɗorawa. Ya nuna mini wani siririn agogo mai ƙyalli a cikin gilashi, ya ce jiya wani ango ya dage sai an sa masa nailan a irinsa. “Babbar riga da silifas ɗin wanka ke nan. Amma na sa masa, ai hannunsa ne.” Na zaɓi baƙi mai siririn ratsin toka a tsakiya. Ya cire tsohuwar fatar ya jefa a gwangwanin tarkacensa, ya zura sabon. Agogon ya yi kyau ƙwarai, kamar da shi aka ƙera shi. Na taho gida ina jin daɗin kaina.

Da yamma na ɗaura wa Baba da kaina. Na bar shi sako-sako kaɗan, na nuna masa yadda zai tura agogon sama da bayan hannunsa na hagu ruwa ya ratsa ƙarƙashi, ya sake turo shi ƙasa. Babu kwancewa, babu ɗaurawa. Ya gwada, ya sake gwadawa. Bai yarda ba sai da ya tambayi liman, liman ya ce muddin ruwa ya taɓa fata ko’ina alwala ta yi. Ya dawo fuskarsa a sake, irin sakewar da ban gani ba tun kafin ciwon.

“Allah ya yi miki albarka,” in ji shi. Sai ya ɗaga murya yadda za a ji a madafa. “Yau an ’yanta ni daga mulkin Zazzau!”

Inna ta yi dariya daga ciki. Na jira amsarta, don ba ta barin bashin magana ya kwana. Ƙarar ludayi kawai na ji a cikin tukunya.

Tun da akwai famfo a masallaci, babu abin da zai sa Baba ya dawo gida tsakanin salloli. Ya fara fita kafin azahar. A gindin dalbejiyar ƙofar masallaci akwai benci inda tsofaffin direbobi da wani mai facin taya suke zama, nan ya samu wuri. Abincin rana ma sai dai ƙanwata ta kai masa can. Yakan shigo bayan isha da labarai a bakinsa, wane ya sayar da motarsa, wane ya koma Katabu da zama. Tafiyarsa ta ƙara ƙarfi. Maƙwabta suka riƙa tare ni a hanya suna cewa sun ga agogon, sun ji ni ce da dabarar, Allah ya ƙara basira.

Wata la’asar ina taga da littafi a hannu, ladan ya ɗaga murya. Inna tana tankaɗe a bakin madafa. Na ga ta ajiye rariya, ta goge hannuwanta a zane, ta miƙe, ta yi taku wajen katanga. Tabarmar tana naɗe a jingine. Ta ɗan tsaya, ta gyara zaman wata buta da babu abin da ya same ta, ta koma ta ɗauki rariyarta.

Washegari ma haka. Ba kowace salla ba, amma sau da yawa, kuma kullum sai ta sami abin da za ta taɓa kafin ta koma, kamar shi ya tashe ta.

A gidanmu ban taɓa ganin Baba da Inna sun zauna a tabarma ɗaya ba. Ba ta kiran sunansa. Ba ya shiga madafarta. Shekarun da yake tuƙi, asuba ke fitar da shi dare ya dawo da shi. Sai a lokacin na lura cewa duk tsawon rayuwata, wurin kwance agogon nan ne kaɗai na ga hannunta a kan nasa, nan ne kuma kaɗai na ji suna tsokanar juna da rana tsaka a gabanmu, ba wanda zai ce an yi rashin kunya, domin lalura ce ta kawo. Na auna faɗin agogo sau biyu, wannan kuwa yana gaban tagata kullum ban gan shi ba.

Na rasa yadda zan yi. Ni ce ’yar fari, kuma Inna tana yi mini kunya irin ta mutanen da. Ba ta kama sunana, ba ta doguwar hira da ni, in tana da saƙo ta bakin ƙanwata yake biyowa ko da ina wurin. Duk da haka na daure wata rana na tsuguna kusa da ita ina tsince shinkafa.

“Inna, maɗaurin nan da na saya wa Baba…”

Ta juya wajen ƙanwata. “Ki ce wa mai karatun nan ta kyauta. Mutum ya samu ƙafarsa, me ya fi wannan?”

Ta ci gaba da fifita wuta. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Na gwada ta wajen Baba. Na ce masa an ce ya kamata a riƙa cire nailan ɗin yana shan iska, don in ya daɗe da laima yana iya sa ƙaiƙayi. Ba ƙarya na yi ba, na karanta hakan.

“Wa ya ce? Wayarki?” Ya juya hannun yana dubawa. “Ni ban ji ƙaiƙayi ba. Ke kika kawo shi, ke kuma za ki kushe shi?”

Gaskiyarsa ce. In na ƙwace masa bencin gindin dalbejiya na mayar da shi jikin katanga, wani laifin zan ƙara a kan na farko. Haka na ci gaba da karatu a taga, ana kiran salla ina sa ido a littafi don kada in ga tsakar gida.

Damina ta shigo. Nailan ba ya lalacewa da ruwa, amma yana shan gumi da ƙura, in bai bushe ba kuma yana tashi. Wata Juma’a da hantsi Baba yana shirin wanka, Inna ta wuce ta gefensa da kwando, ta tsaya, ta yamutsa fuska.

“Malam, da wannan warin za ka shiga sahu? Mutane su ce ba ka da kowa a gida?”

“Wane wari?”

“Hancin Kanawa ƙamshin kuɗi kaɗai yake ji. Kawo nan.”

Ta durƙusa ta kwance. Da ta ja, igiyar ta zare gaba ɗaya daga agogon, ta bar ta da ƙarfe a hannu ɗaya, maɗauri a ɗaya. Ta wanke shi da sabulu da tsohon buroshi, ta shanya a kan igiya tare da hularsa. Kafin ya gama shiri ya bushe.

Mayarwar ce ta gagara. Ina jin su daga ɗaki.

“Ta nan ake sawa.”

“Ba ta nan ba. Ɗaga hannunka, kana tare mini haske.”

“Kira yarinyar nan mana, ita ta san kansa.”

“Karatu take yi.”

Na riga na ajiye littafin, ƙafata ɗaya a ƙasa. Aikin da zan gama kafin a ƙifta ido ne. Na mayar da ƙafar na zauna.

Sun daɗe a kai. Ya riƙe agogon da dama, ita tana tura jelar da farce, yana cewa ta karkace, tana cewa shi ne yake rawa. Ya ce mutanen Zazzau ko zare ba su iya zurawa ba, ta ce shi da ya iya ai ga shi nan zaune. Can na ji ta ce, “Yauwa,” shi kuma ya ce ta matse shi.

Da zai fita ya leƙo ɗakinmu yana gyara hula, ya tambaye ni ko akwai saƙo. Idona ya sauka a hannunsa. An zura maɗaurin a juye, ƙarfen ɗaurin yana gefen shida, jelar ta yi waje tana lilo. Yatsuna har motsi suka yi.

“Babu, Baba,” na ce. “A dawo lafiya.”