Faifan da Kawu Ya Zo da Shi daga Mubi

A shekarar da mutanen Mubi suka watso Yola saboda harin 'yan bindiga, ina da ɗan shago a unguwar Nassarawo cikin Jimeta, inda nake buga wa ɗalibai takardu, in kuma gyara kwamfuta idan an kawo. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai ɗaukar hoto ne a Mubi tun kafin in san kaina. Ya iso gidanmu ƙafafunsa a kumbure, bayan ya biyo ta duwatsu da gonakin mutane. Bai zo da kyamara ba, bai zo da ko rigar canji ba. Abin da ya ciro daga aljihu shi ne faifan kwamfutar shagonsa, a naɗe cikin hula. Ya ce da ya ji harbi na matsowa, sai ya kwance kwamfutar da bakin almakashi, ya zaro faifan, ya bar sauran.

Kwanakin farko ba ya magana sosai. Yakan zauna gindin mangwaron tsakar gida yana kallon kaji. Wata rana bayan azahar ya biyo ni shago, ya ajiye faifan a kan teburina. Na ce zan kwashe masa hotunan in zuba a nawa faifan, aikin ɗan lokaci ne. Ya girgiza kai.

"Ba hotunan kaɗai nake so ba, ɗana. So nake kwamfutar ta buɗe yadda take buɗewa a can."

Na gane nufinsa. Faifan na ɗauke da tasa babbar manhajar, tsohuwar yayi, da komai yadda ya jera. Na buɗe gefen kwamfutata, na ɗaure faifansa da sukuru a ƙarƙashin nawa, na sa masa wayar wuta da wayar da ke kai saƙo. Da na kunna, allon ya yi shuɗi, kwamfutar ta mutu, ta sake tashi, ta sake yin shuɗi. Kawu yana riƙe da murfin kwamfutar a cinyarsa. Sai da na shiga saitin kwamfutar na sauya yadda take karanta tsofaffin faifai, sannan na shirya ta yadda duk aka kunna za ta fara tambaya. Baƙin allo ne da layi biyu farare: na sama nawa, na ƙasa nasa.

Ya danna na ƙasa da kansa. Faifan ya ɗauki wani ɗan gurnani, yana ƙas-ƙas kamar gara a cikin azara. Can sai ga duwatsun Mubi cikin damina sun cika allon, kore shar, da gajimare a kansu. Kawu ya jawo kujera ya matso.

Daga nan muka raba yini. Safiya tawa ce, da takardun ɗalibai. Idan rana ta take, zafin Jimeta ya kori kowa daga titi, sai in kashe in sake kunnawa, in bar masa. Nakan kwanta a benci, fanka na juya iska mai ɗumi, tsakanin barci da ido biyu ina ganin fuskoki suna wucewa: amare, 'yan makaranta da jar hula, wani tsoho da sabon kekensa. Wani lokaci ban san ko a allon na gan su ba ko a mafarki. Har yau akwai layukan Mubi da nake jin na taɓa bi, alhali ban taɓa taka su ba.

Labari ya bazu cikin waɗanda suka gudo. Suka riƙa zuwa daga unguwannin Bako da Wuro Hausa, daga makarantun da aka sauke su. Mutum zai faɗi bikin wane ne, ko sunan ɗan wane, Kawu ya lumshe ido ya tuna, ya buɗe. Shagon kan cika, amma shiru kake ji, sai ƙarar faifan.

Wadda na fi tunawa wata malamar firamare ce, Kirista, da ta rabu da mijinta a hanyar gudu. Ta ce ba su taɓa ɗaukar hoto wurin Kawu ba, ta zo ne ko za ta ga unguwarsu. Ya buɗe mata hotunan wani suna da aka yi a layinsu. Suna cikin wucewa ta ɗora yatsa a kan allon. A bayan masu biki, can gefe, wani mutum ne ke tura babur, rabin fuskarsa ta juya, hoton ma ya ɗan yi dishi-dishi.

"Shi ne," ta ce. "Ranar da mai ya ƙare masa ne."

Kawu ya ƙara girman wurin, ya yanke masu bikin, ya gyara hasken iya yadda zai yiwu, muka buga mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa a jaka ta yi godiya. Daga baya na ji ta koma wajen danginta a Numan. Ban sami labarin mijin ba.

Da gari ya lafa, Kawu ya koma. Ya tarar shagon ya ƙone, bai sake buɗewa ba, ya kama noman wake da masara. Faifan ya bari a wurina, wai ya fi zama lafiya a inda yake. Shekaru suka shuɗe, gurnaninsa ya fara yawa, wani lokaci sai an kunna an sake kunnawa kafin ya amsa. Bara na kwashe duk abin da ke cikinsa, har da manhajar, na zuba a irin sabon faifan nan da ba ya motsi ba ya ƙara, na ba wani direba ya kai masa.

Da yamma ya kira ni. Ya ce abin ba nauyi ko kaɗan, kamar fankon ashana, anya kowa na ciki? Na ce kowa na ciki, Kawu. Ina jin kukan awaki a bayansa. Sai ya tambaye ni ko ruwa ya sauka a Yola, don su can hadari ya haɗu tun la'asar.