Igiyar da Na Ɗaure a Tsakiyar Ruwa

Mu mutanen Zuru ba mu san ruwa ba, sai wanda yake gangarowa daga kan dutse da damina ya wuce abinsa. Abin da muka sani shi ne ɗauri. Tun ina ƙarami a garinmu Manga aka koya mini ɗaure jinka da damin dawa da akuya, aka kuma koya mini cewa malalaci ne kaɗai yake barin igiya sake. Ban taɓa tuhumar wannan tarbiyya ba sai da na haura shekara arba'in, lokacin da na shiga kwale-kwale neman ƙanena.

Mahaifiyarmu ce ta kwanta ciwo. Duk sa'ad da na shiga ɗakinta sai ta dubi bayana, ta tambaya ina autanta. Shi kuwa tun da ya bar aikin soja zaman gari ya gagare shi. Ya gangara ƙasar Yauri ya shiga cikin masunta, yana bin kifi daga wannan tsibiri zuwa wancan, wayarsa kuma ba ta shiga. Likita ya ce mini in akwai wanda ya kamata ya zo, kada a yi jinkiri. Na bar ƙanwata a bakin gadon, na kama hanya.

A bakin ruwa aka gaya mini jirage masu inji sai ranar kasuwa, saura kwana uku. Wani dattijo ne ya yarda ya kai ni a kwale-kwalensa mai zane. Zanen nan buhunan taki ne aka farke aka ɗinke wuri guda, aka rataya a jikin gora, iska ce take turawa. Ya dube ni, ya dubi takalmin da ke ƙafata.

"Malam, ka iya ruwa?"

"Ban iya ba, Baba."

"To zamna ƙasa. Ku mutanen dutse, jirgi na motsawa sai ku miƙe tsaye kamar za ku ruga gida."

A tsibiri na farko aka ce an yi mako ba a ga ƙanena ba. A na biyu wata mai shanya kifi ta ce sojan nan yana tsibiri mai giginya, amma da azahar shi da masuntan da yake tare da su za su tashi su yi ƙasa. Dattijon ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce da wannan iskar ta farkon damina za mu riga su. Na dubi agogo. Ban daina dubansa ba, har ya tambaye ni ko agogon ne yake tura jirgin.

Da muka yi nisa, ruwa ya fara tsattsafowa ta wani tsagi a ƙasan jirgin. Hannun dattijon ɗaya yana kan sandar da yake juya jirgin da ita, ɗayan kuma yana bukatarsa don kwarfe ruwa, sai ya miƙo mini igiyar da ke riƙe da gefen zanen.

"In iska ta ja, ka sassauta. In ta lafa, ka jawo. A hannu za ka riƙe ta, ka ji ko? A hannu."

Na riƙe har tafina ya fara zafi. Sai wayata ta yi ƙara a aljihu, karo na farko tun da muka bar gaɓa. Na san ƙanwata ce. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba: hannuna ne ya naɗa igiyar a jikin katakon da nake zaune a kai, ya yi mata ƙullin damin dawa. Ƙanwata ta ce Mama ta sake tambaya. Ina cikin cewa mun kusa, iska ta bugo.

Jirgin ya kwanta gefe guda, ruwa ya kwararo ciki. Dattijon ya yi ihu, "Saki! Saki!" Babu abin da zan saki. Ƙullin ya riƙe kamar yadda aka koya mini ya riƙe. Gorar ce ta karye, kuma karyewarta ce ta cece mu. Da jirgin ya daidaita, dattijon ya tsuguna ya daɗe yana duban igiyar.

"Wa ya koya maka wanga ɗauri?"

"Mahaifina."

"Allah ya jiƙan shi, ya iya. Ɗauki ƙwarya."

Da filafili muka ƙarasa, shi yana tuƙi ni ina kwarfa. Mun isa tsibirin bayan la'asar, muka tarar da tokar murhunsu da sauran ɗumi. Sai washegari da hantsi muka cim musu. Ƙanena bai yi gardama ba. Ya wanke hannu ya biyo ni.

Mun iske Mama da rai, amma ta daina magana. Ƙanwata ta ce jiya har tsakar dare tana kiransa. Ya zauna ya riƙe hannunta kwana biyu, ban sani ba ko ta gane hannun wane ne.

Na sha yin lissafin nan. Da mun riske shi da azahar, da mun sami motar yamma, da mun shigo tana da baki. Wani lokaci nakan ce wa kaina wataƙila motar ta cika, wataƙila iskar ta mutu a hanya ko ba ƙulli. Ba na gamsuwa. Ƙanena ya koma ruwa bayan makoki, kuma har yau yana zaton iska ce kawai ta karya mana gora. Duk shekara in ya zo gida ina shirya yadda zan gaya masa, sai mu ɓuge da zancen kifi, in raka shi tasha.