Idon Hagun Guduma

Da asuba, kafin jiniyar injin sukari ta yi kuka, Anacleto Brito yakan zauna a ƙofar ɗakinsa da gorar wasa a cinya, yana gurzar ta da ƙashin saniya har itacen ya yi tauri yana sheƙi. Matarsa Eduviges takan ajiye masa kofi da dakakkiyar ayaba, ko ɗago kai ba ya yi.

A garuruwan rake na gabashin Jamhuriyar Dominika, inda na taso, Guduma ake ce masa. Da adda ya fara, yana saran rake kamar ubansa. Ranar da manajan masana'antar sukari ya ga ya maka ƙwallo ta tsallake katanga ta ɓace cikin gona, aka karɓe addar aka ba shi gadin sito a inuwa, don ya riƙa buga wa ƙungiyar masana'anta ƙwallon gora duk Lahadi. Ya yi shekaru yana fasa tagogin mutane.

Hali ɗaya ya ja masa. A wasan nan, in ka fitar da ƙwallo daga fili, ka sunkuyar da kai ka yi gudunka na zagaye fili. In ka tsaya kallon ta, ka ci mutuncin mai jifa, shi kuma a jikinka zai rama da ƙwallo. Guduma tsayawa yake, ya riƙe ƙugu, sai ta sauka. An karya masa haƙarƙari, an fasa masa yatsa, bai daina ba.

Wata Lahadi suka kara da masana'antar tsallaken kogi. Mai jifarsu, Fulgencio Payano, dogo ne marar fara'a.

"Kai mai gadi," in ji shi, "in ka tsaya mini kallo yau, kwasar ka za a yi."

"To jefo mana, ƙanena. Ko hannun matarka ka aro?"

Ya jefo. Guduma ya aika da ita cikin rake, ya riƙe ƙugu, har da ɗaga mata hannu.

Da layi ya sake zagayowa kansa, Fulgencio bai nufi haƙarƙari ba, fuska ya nufa. Lokacin ba a sa hular kwano. Ƙarar ta fita kamar an fasa kwakwa. Guduma ya zube, jini na ɓulɓula ta tsakanin yatsunsa. Fili ya kaure: duwatsu, kwalabe, goruna a kan mutane. Aka tsinke wa alƙalin wasa kunne, aka tattake wani mai sayar da lemo. Sai da masu gadin gona suka yi harbi sama.

A asibiti aka ƙwaƙule idon hagu. Manaja ya ce mai ido ɗaya ba ya gadi, ba ya wasa. Aka mayar masa da addarsa.

Ƙanensa Nicanor ya zo da samari, kowa da adda a washe.

"Yaya, ka ce mu je kawai. Hannun nan nasa a buhu za mu kawo maka."

"Da adda ya cire mini ido?"

"A'a, amma..."

"To ku ajiye. Abin da aka yi da ƙwallo, da ƙwallo ake rama shi. Hannun nan nawa ne, kada wanda ya taɓa mini shi."

Mai bugu da dama, idon hagu ne ke fuskantar mai jifa. Sai Guduma ya juya, ya koma koyon bugu da hagu kamar ɗan yaye. In ya dawo daga gona, Eduviges ta riƙa jefo masa marafan kwalba yana kai musu duka da sandar tsintsiya. Da farko iska yake duka. Da hannu ya faɗa, sai ya kafa wata tsohuwar duro daidai inda mai jifa ke tsayawa, aka koma ƙwallo ta gaske.

"Kai da kake aika ta sama, yanzu duro kake duka?" in ji Eduviges.

"Jefo dai, mace."

Kafin a gama saran rake, duron nan ta lotse ta ko'ina.

A wasan rufe kaka mutanen tsallaken kogi suka dawo. Guduma ya shigo da kayan gona a jikinsa, gora a kafaɗa, tsumma ɗaure a ido. Manaja ya ƙi, amma jama'a suka yi ta dukan kwanon rumfa har ya ce a bar shi.

Fulgencio ya yi dariya. "Ga ni ta nan, ido ɗaya! Ko a kawo maka ɗan jagora?"

Guduma ya gyara tsayuwa. Jifa ta farko ya kai duka ya kuskure, har ya kusa faɗuwa. Ta biyu ma haka. Saura ɗaya a fitar da shi. Nicanor ya fara laluben addarsa a ƙarƙashin benci.

Ta uku ta zo da ƙarfi. Bai ɗaga ta sama ba, ya mayar da ita ta hanyar da ta zo. Fulgencio bai ma gama sauke hannu ba ta same shi a gwiwar hannun dama. Ƙashi ya ce ƙas, ya ɓullo fari ta cikin fata. Ya faɗi yana birgima yana kiran uwarsa. Hannun bai sake jifa ba.

Ba wanda ya ɗaga dutse ranar, ko daga ɓangaren mutanen tsallaken kogi. Sun san abin da suka gani.

Washegari aka ce Guduma ya kwashe iyalinsa sun bar gari, ban kuma sake ganinsa ba. Abin da na gani na ƙarshe ke nan: Fulgencio na ƙasa yana ihu, Guduma ya ajiye gora a hankali, bai ko waiwaya ba, ya sunkuyar da kai ya yi gudunsa.