Baba Ebenezer, Mai Jaridar Sabon Tasha

Kafin masu keke napep su cika titi, Baba Ebenezer ya riga ya shimfiɗa jaridunsa a bakin kasuwar Sabon Tasha, ya danne su da duwatsu. Tun farkon dawowar mulkin farar hula yake wannan sana'a. Masu karatun kyauta kan yi masa zobe suna gardamar siyasa, bai taɓa korar kowa ba.

Da waya ta kashe kasuwar jarida, sai ya kwashe taron nan ya mai da shi zauren WhatsApp. Akwai direbobi, teloli, malaman coci, 'yan kasuwar Tudun Wada. Doka ɗaya ya kafa: abin da idonka ya gani kawai za ka faɗa.

Wata Asabar da hantsi aka baza jita-jitar wai an tare hanyar Abuja a Gonin Gora ana kashe matafiya. Kasuwa ta fara watsewa. Hajiya Hauwa, mai abinci a Makera, ta kira shi tana kuka, 'yarta na cikin motar Abuja.

"Baba, don Allah gaskiya ne?"

"Hajiya, ban sani ba tukuna. Kada ki bar kowa ya fita, bari in tambaya."

Ya aika saƙon murya a zauren: wa ke Gonin Gora yanzu? Debby mai sayar da doya a bakin titi ta turo bidiyo. Ashe tirelar tumatir ce ta kife, motoci suka yi cirko-cirko. Wani ɗan jaridar rediyo da ke zauren ya je ya tabbatar, ya sanar. Matasan da suka fara taruwa da shirin faɗa gaba da bayan gadar da ta raba garin biyu suka koma gida. Da yamma Hajiya ta zo da yarinyar har teburinsa tana hawaye.

Yanzu ido ya yi rauni, Baba ya miƙa wa Debby ragamar zauren.

Baba, kai ne kunnen unguwa. Ba a taɓa buga sunanka a jaridun da ka sayar ba, amma akwai iyayen da 'ya'yansu ke raye saboda ka tsaya ka tambaya. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Mu kuma masu waya a hannu, kafin mu tura labari, mu tuna akwai uwar da za ta karanta.