Waƙar Makokin Jakin Dikeyos

A ƙauyukan Mani, can ƙetaren teku, ba a fitar da gawa sai an aika wa Kanella. Takan zauna wajen kan mamaci, ta sassauta baƙin kallabinta, ta ƙaga masa miroloyi, wato waƙar makoki, nan take, ta jero halinsa har da wanda dangi suka so a manta. Malamin makarantar garin ya taɓa tsare ta da bayani, wai kalmar daga "mira" ce, wato rabo, da "logos", magana, kuma mutanen da can "tirinos" suke cewa. Ta ce, "Ɗana, shekara hamsin ina yinta, ban taɓa tambayar iyayenta ba."

Mijinta Dikeyos kuwa, mai shekara tamanin da shida, abu ɗaya ya tsaya masa a rai. So yake ya ji tasa waƙar da kunnensa.

"Kowane ɓarawon akuya kin yi masa, ni ranar tawa ina kwance kamar icce! Haba tsohuwa, baiti ɗaya kawai."

"Rufe min baki! A yi wa mai rai miroloyi? Mutuwa kake son kira mana cikin gida?"

Ranar da aka gama tsinkar zaitun jakinsu ya mutu. Dikeyos ya faɗo gida har yana tuntuɓe, murna fal fuskarsa, ko kunya babu.

"An samu gawa! Taso ki yi wa jaki, ni in tsaya gefe in saurara. Ai wannan ba laifi."

Kanella ta gane dabarar sarai. Ta harare shi, amma ta bi shi gindin zaitun, ta durƙusa ta fara: mai taurin kai, mai tada unguwa da sassafe, wanda bai taɓa bin hanyar da aka nuna masa ba. Dikeyos ya dinga buga sanda a ƙasa yana ƙyaƙyatawa. "Ni ne! Na rantse ni ne!"

Can sai waƙar ta koma kan Dikeyos kansa. Wanda ya sauko da ita daga kan dutse a bayansa ranar da naƙuda ta yi tsanani. Wanda ya ci gaba da jidar duwatsu shekarar da suka binne ɗansu. Ka tafi ka bar ni da wa?

Dariyar Dikeyos ta ɗauke. Shekara sittin suna tare, bai san ta lura ba. Ya kama hannunta.

"Ban gama ba," in ji ta.

"Ajiye sauran, Kanella. Ba yanzu zan tafi ba."